VS Code ya ƙi haɗuwa da PostgreSQL da ke cikin Docker

Jama'a, a taimaka mini da wata matsala da ta ƙi ci ta ƙi cinyewa. Manhajata ta Django tana magana da rumbun bayanai na PostgreSQL lafiya lau a cikin Docker Compose (mai tafiyar da manhajoji cikin kwantenoni), amma editana, VS Code, ta hanyar SQLTools (ƙarin da ke haɗa shi da rumbun bayanai) ya ƙi haɗuwa da rumbun bayanan. Cikin fayil ɗin .env, inda nake ajiye bayanan shiga, sunan host ɗin (adireshin rumbun) "db" ne, wanda kwantenoni kaɗai suka sani, kwamfutata ba ta san shi ba. Idan na buɗe tashar 5432 na rubuta localhost (wato kwamfutata) da hannu, sai ya yi aiki. To, ina so editan ya riƙa ɗauko bayanan shiga daga .env da kansa, kada kalmar sirri ta shiga settings.json (fayil ɗin saitin VS Code) ta bi Git, inda ake adana tarihin fayilolin aikin. Akwai wanda ya san yadda ake yi?