Wanda aka taɓa yi wa zaman sulhu a makaranta, ya ba mu labari

'Yar aji uku, Yelwa: Assalamu alaikum. Mu masu karatun aikin kula da jin daɗin jama'a a nan Bauchi, an koya mana cewa in an yi laifi a fara tambayar wa aka cuta, me yake buƙata, wa zai gyara. To ga shi ta zo mana gida. Kuɗin motar da muka haɗa don fita aikin gwaji sun salwanta a hannun ma'ajinmu, rabin aji na cewa a miƙa shi kwamitin ladabtarwa. Wa ya taɓa shiga irin wannan?

Ɗan Gwallameji: Wa alaikumus salam. Ni aka yi wa zaman. Ina aji biyu na ɗauke wayar abokin ɗakina na sayar, kuɗin rajista sun matse ni. Malaminmu ya jera kujeru biyar a zagaye, shi ma ya baro bayan teburinsa ya zauna cikinmu. Ba wanda ya zage ni. Mai wayar cewa kawai ya yi hotunan mahaifiyarsa, Allah ya jiƙanta, suna ciki. Wallahi na kasa ɗago kai. Na biya cikin wata huɗu da kuɗin ɗinki. Amma komawa aji ya fi biyan wuya, ina shigowa sai in ga ana janye jaka. Ban saki jiki ba sai ranar da mai wayar da kansa ya rubuta sunana a rukuninsu na bincike.

Maman biyu, Wunti: Kai ka yi dace. Ni wata ce ta yaɗa mini ƙarya a WhatsApp na aji. Aka kira zama, ban gama magana ba aka hau ni da "ki yi haƙuri, ke ce babba". Muka gaisa, aka shafa fatiha. Har na gama makarantar a bayan aji nake zama, ita kuwa ko saƙon ba ta goge ba.

Tsohon ma'aikacin walwala: 'Yata, wannan rufe baki aka yi miki. Dokar hukumar gidajen gyaran hali ta 2019 ma ta tanadi sasanta mai laifi da wanda ya cuta. A New Zealand tun 1989 ake zaman dangi kan laifin yara, kuma wanda aka cuta yana da damar zuwa ya faɗi ta bakinsa. Mu nan sauri muke mu kai ga fatiha.

'Yar aji uku, Yelwa: Mun gode, Baba. Mun sa zaman ranar Laraba bayan la'asar. Wata a cikinmu kuɗin cefanen gidansu ta bayar, ita za ta fara magana.