Muhawarar guruf ɗin unguwa: rina na da amfani ko a ƙone ta kawai?

Baban Khalifa: Salam jama'a. Jiya da la'asar rina ta harbi Khalifa a zauren gidanmu nan Gwammaja, wuri uku, ido ya kumbura har ba ya buɗewa. Ni dai na ce wannan halitta ba ta da amfanin komai, zuma ko ta harbe ka tana ba da zuma, ita fa? Yau da dare zan sa mata fetur da ashana.

Maman Hanifa: Subhanallahi, Allah ya ba shi lafiya. Amma don Allah yaya kar ka sa wuta, silin ɗin katako ne ga iskar hunturu. In ka ga numfashinsa na sarƙewa ko leɓe ya kumbura a wuce asibiti yanzu yanzu.

Malam Sani: Sannu Alhaji. Wuri uku ba mamaki, ƙarin zuma maƙalewa yake a fata ta mutu, rina kuwa nata ba ya maƙalewa sai ta yi ta maimaitawa. Amma batun ba ta da amfani ban yarda ba wallahi, a gonata ta Kura na tsaya da idona na ga rina ta sauka kan ganyen masara ta cafke tsutsa ta tattauna ta tashi da ita, abincin 'ya'yanta kenan, kuma tun 2016 da tsutsar nan mai cin masara ta shigo ƙasar nan kowa ya san kuɗin feshin da muke kashewa.

Baban Khalifa: To Malam ta zauna a gonar mana, me ya kawo ta zaurena?

Auwalu Tela: Gaskiyar Alhaji. Ni har gidan zanzaro farfasa shi nake.

Malam Sani: Haba Auwalu, zanzaro shi kaɗai yake rayuwa, da wuya ya harbi mutum. Fasa gidan lakar ka duba, tsutsotsi ne ko gizo-gizo da ya sumar ya ajiye wa ɗansa. Rogo ma da ƙwaro ya kusa gamawa da shi a Afirka, wata 'yar mitsitsiyar dangin rina cibiyar binciken noma ta IITA ta kawo daga Kudancin Amurka ta saki a 1981 don ta kashe ƙwaron. Ban ce a bar ta inda yara ke wucewa ba Alhaji, a cire, amma bayan isha'i lokacin sun kwanta, a rufe jiki ruf a fesa maganin ƙwari daga nesa, da safe a kankare gidan. Ta kan bishiyar bayan gari kuwa a ƙyale ta.

Baban Khalifa: Na fasa fetur ɗin. Wa ke da tsani ya ara min?