Shawarwari kan jita-jitar cinikin 'yan wasan besbol a Amurka

A wata tattaunawa ta masoya besbol kan kasuwar 'yan wasa ta hutun hunturu, shawarar da ta fi ƙarfi ita ce kada a gaskata labarin yarjejeniya sai likitoci sun gama duba ɗan wasa. An kawo misalin ɗan wasa Carlos Correa, wanda a Disamban 2022 ya daidaita da ƙungiyar San Francisco Giants, sannan da ƙungiyar New York Mets, amma yarjejeniyoyin biyu suka wargaje saboda tsohon rauni a idon sawunsa, daga ƙarshe ya koma tsohuwar ƙungiyarsa, Minnesota Twins. An kuma ce a riƙa duba lokacin biyan kuɗi, abin da a ganina ake yawan mantawa, domin cikin dala miliyan 700 na kwantiragin ɗan wasa Shohei Ohtani da ƙungiyar Los Angeles Dodgers, sai a 2034 za a fara biyansa miliyan 680.