Wace kalma za mu ba "bes" ɗin matuƙin jirgin sama?

Jama'a, ku sa mini baki a kan wata kalma da ta hana ni sakat mako biyu ke nan. Ita ce wadda matuƙan jirgin sama ke kira "bes". A cikin gidanmu ta same ni, shi ya sa na kawo ta gabanku.

Autanmu ya gama Kwalejin Koyon Tuƙin Jirgin Sama ta Zariya, wadda aka kafa tun 1964, ya fito da lasin tuƙin jirgin kasuwanci da awa 200 da 'yan kai a littafinsa na tashi. Wani kamfani ya ɗauke shi mataimakin matuƙi, a takardar yarjejeniya kuma aka rubuta Abuja ce bes ɗinsa. Muka yi karo-karo muka kama masa ciki da falo a Lugbe, kan hanyar filin jirgi, muka biya kuɗin shekara cur. Katifa da tukunyar gas ma daga nan Birnin Kebbi aka ɗora su a mota. Bai cika wata biyu a ɗakin ba sai ga wasiƙa, an mai da bes ɗinsa Legas. Da ya sake buɗe yarjejeniyar, sai ga wani layi can ƙasa da ya ba kamfani damar canza masa bes duk lokacin da buƙatar aiki ta taso. Ya ga layin ranar da ya sa hannu, murna ce ba ta bar shi ya tsaya a kansa ba.

Ni aka bar wa aikin gaya wa Inna. Na tarar da ita tana tsintar shinkafa a faifai, na ce, "Inna, an canza wa Auta wurin aiki." Ta ɗago ta dube ni. "Wurin aiki kuma? Ba yau shina Kano gobe shina Fatakwal ba? Wane wuri gare shi da za a canza?" Gaskiyarta. Wurin aikinsa kujera ce a gaban jirgi, kujerar kuwa tana nan ba a taɓa ta ba. A nan na gane "wurin aiki" bai kama abin ba.

To mene ne abin? Bes filin jirgi ne guda ɗaya da kamfani ke ware wa matuƙi ko ma'aikaciyar cikin jirgi, daga nan aikinsa ke farawa, a nan kuma yake ƙarewa. Agogon aiki ba ya fara juyawa sai ya isa can ya yi rahoto, don haka tafiyar da ya yi daga ɗakinsa zuwa filin tasa ce, ba a lissafa masa ita. Ga kuma gishirin maganar: a bes ɗinka kamfani ba ya biya maka ɗakin kwana. In aiki ya kwanar da kai a wani gari, otal da mota da kuɗin kwana duk a wuyan kamfani suke. In ka dawo bes, kai da aljihunka. Jiya in Auta ya kwana Legas, baƙo ne, a kai shi otal. Yau da alƙalami ya juya, Legas ɗin ce zai nemi ɗaki da kuɗinsa, kuɗin Lugbe kuma mai gida ya riga ya cinye. Kalmar da za mu zaɓa dole ta iya ɗaukar wannan nauyin.

Da farko "sansani" ta zo mini, tun da ita muke ji a labarai in ana maganar sojojin sama. Amma sansani warin bariki take yi, ko na 'yan gudun hijira, wurin da ake tara mutane a ba su makwanci da abinci. Wanda ya ji "sansanin matuƙa" zai ɗauka kamfani ne ya ba su gida, alhali akasin haka ne. "Masauki" ta fi muni, domin masauki na baƙo ne, mutum kuwa a bes ɗinsa ne kaɗai ba baƙo ba. "Hedikwata" ta kamfani ce, ba ta ma'aikaci ba; kamfani na iya zama da hedikwata a Legas ya ajiye matuƙa a Abuja da Kano.

"Mazauni" ta fi ba ni wahala, don ta kusa. "Mazaunin aiki" na da daɗin faɗi, ana kuma gane ta. Abin da ya hana ni ita shi ne, tana nuna inda mutum yake zaune, bes kuwa bai damu da inda kake zaune ba. A Amurka matuƙa da yawa suna zaune da iyalinsu a gari ɗaya, bes ɗinsu na wani gari mai nisa, su hau jirgi a matsayin fasinja su je su kama aiki.

Ga inda na tsaya: tashar gida.

A tashar mota na samo ta. Direban da ke lodin Sakkwato daga Birnin Kebbi, ka tambaye shi tasharsa, ba zai ce maka Sakkwato ba ko da kullum can yake yini. Tasharsa ita ce inda sunansa yake a layi, inda yake ɗaukar lodin farko, inda yake ajiye mota da dare. In dare ya yi masa a wata tasha, baƙo ne. Wannan shi ne bes, sai dai a ƙasa.

Ƙari, bayan na karanta amsoshinku.

Wani malami daga Argungu ya ce "gida" za ta rikita mutane, tun da gidan yaron Birnin Kebbi ne, ba Abuja ko Legas ba. Malam, na ji wannan, amma dubi 'yan ƙwallo. In Kano Pillars na wasa a filin Sani Abacha, cewa ake suna gida, ko da ɗan wasan daga Jos ya zo ko daga Inugu. Kunnen Bahaushe ya riga ya saba da "gida" da "waje" a wannan ma'ana. Wani kuma ya ce a bar ta "bes" kawai, yadda muka bar lasin da tikiti. Ba na ƙin aro. Matuƙa a tsakaninsu za su ci gaba da cewa bes, ba mai hana su. Amma lasin abu ne da ake riƙewa a hannu a nuna wa mutum. Bes kuwa sai an yi bayani, kuma in ka ce "tashar gida" rabin bayanin ya riga ya shiga.

Wata baiwar Allah daga Yawuri ta kawo "zango", na kuma gode mata ƙwarai, sai dai ba a nan za mu ajiye ta ba. Zango wurin da ayarin fatake ke yada kaya su kwana ne kafin su ci gaba. Ita ce daidai da kwanan da matuƙi ke yi a wani gari bisa kuɗin kamfani. Kun ga mun samu biyu ke nan: ya tashi daga tashar gida, ya yi zango a Fatakwal, ya dawo.

Masu tambayar halin da Auta yake ciki: bai ajiye aikin ba, kuma ni ma ban ba shi shawarar haka ba. Kamfanin ne ya biya kuɗin horar da shi a kan samfurin jirgin da yake tuƙawa, ya kuma sa hannu cewa in ya tafi kafin wa'adi zai biya. Ga shi lasin zama kyaftin na jirgin fasinja sai da awa 1,500, shi kuwa ko kashi ɗaya cikin biyar bai haɗa ba. Sabon matuƙi ba shi da bakin musu sosai, wannan ne ke ci mini rai. Abin da ya yi shi ne ya rubuta musu takarda cikin ladabi, ya nemi ranar da canjin zai fara aiki a rubuce, da taimakon kuɗin ƙaura, da 'yan kwanaki na neman ɗaki. Ya kuma kai yarjejeniyar ga wani babba a ƙungiyar matuƙa da injiniyoyin jirgi ta ƙasa, NAAPE, ya duba masa. Neman kwanakin nan ba shagwaɓa ba ce. A ƙa'idar Tarayyar Turai, in aka canza wa ma'aikacin jirgi tashar gida, sai an ba shi hutun awa 72 da ya haɗa da dare uku kafin ya fara aiki a sabuwar, tafiyar da ya yi daga tsohuwar zuwa sabuwar kuma cikin aiki ake lissafa ta. Sun san gajiyar matuƙi ba shi kaɗai take shafa ba, akwai rayuka a bayansa.

Yanzu su uku ne suka haɗa kuɗi suka kama ɗaki a Mafoluku, kusa da filin jirgin Murtala Muhammed. Na Lugbe muna neman wanda zai karɓi sauran watannin. Abin da ya fi damun Inna nisa ne. Da, in ya samu hutu, ya biyo ta Kontagora da Yawuri da Jega, yini guda ya iso. Yanzu sai ya ratso Ibadan da Ilori da Jebba kafin ma ya ji ƙamshin gida.

Jiya da magariba na gwada kalmar a kanta. Na ce, "Inna, tashar gidansa ce aka ɗauke daga Abuja aka kai Legas." Ta yi shiru kaɗan, ta ce, "Wato can za shi riƙa ajiye jirgin ya kwana, kuma shi za shi biya ɗaki." Na ce haka ne. Ta ce in kira mata shi, tana son ta ji ko ya tafi da tukunyar gas ɗin.