Muhawara: Dunƙule komai cikin jar ɗaya ne kaɗai mafita a kilastar Spark?

Injiniya Kabiru: Assalamu alaikum. Matsayina shi ne, duk manhajar da za ta hau kilastar Spark (rukunin kwamfutoci masu gudanar da Apache Spark, injin sarrafa manyan bayanai) a dunƙule ta da dukkan laburarorinta, wato lambobin da ta aro daga wasu, cikin jar ɗaya, fayil ɗin da ake tattara lambar Java a ciki. Kowane kayan gini da abin yin hakan: maven-shade-plugin ga mai Maven, sbt-assembly ga mai sbt, Shadow ga mai Gradle. Abin da ka gwada shi ne zai hau. Mai dogaro da `--packages` ya rataya aikinsa ne a wuyan intanet, domin Ivy, mai nemo wa Spark laburarori, sai ya sauko da kayan daga Maven Central, rumbunsu na intanet, a daidai lokacin tura aiki, kilastoci da yawa kuwa a rufe suke, ba sa leƙa waje.

Hajiya Rabi: Wa alaikumus salam. Injiniya, kalmar "komai" ɗin nan ce ban yarda da ita ba. In ka cusa spark-core da spark-sql da hadoop-client cikin jar ɗinka, ka kai Spark gidan da Spark ya riga ya zauna. Na kilasta ake fara lodawa, naka yana baya, ka ga abin da ka gwada ba shi ne ke gudana ba. Waɗannan `provided` ake sa musu, wato kilasta ce za ta samar da su, da siga daidai da ta kilasta, har lambar Scala, harshen da aka rubuta Spark da shi. spark-sql_2.12 ba ya maye gurbin spark-sql_2.13. Spark 3.2 ne ya fara zuwa da 2.13, Spark 4.0 kuma ya ajiye 2.12 kwata-kwata, yana neman Java 17.

Injiniya Kabiru: Na karɓi gyaran, Hajiya. Spark da Hadoop a waje, saura duk a ciki.

Malam Aminu: Har yanzu da sauran rina a kaba. Ɗauki Guava, laburaren Java na Google. A babban fayil ɗin `jars` na Spark 3.5 akwai guava-14.0.1. Laburarenka kuma yana son sabuwa, ka saka ta cikin jar ɗinka, ginin ya wuce lafiya. Aiki na tashi sai ga `NoSuchMethodError` a kan `Preconditions.checkArgument`, saboda nau'in da lambarka ke kira sai a Guava 20 aka ƙara shi, kuma tsohuwar ce ta riga shiga. Dunƙulewa kaɗai ba ta raba wannan rigima. Sai an sauya wa fakitin suna: a shade, `relocation` daga `com.google.common` zuwa wani abu kamar `manhaja.shaded.guava`, a sbt kuma `ShadeRule.rename`. Haka protobuf, wani laburaren Google, tunda Hadoop 2 ya daɗe a kan 2.5.0. Su kansu masu Hadoop hanyar da suka bi ke nan, shi ya sa Spark 3.2 ya koma hadoop-client-api da hadoop-client-runtime.

Nura: Malam, me zai hana a kunna `spark.executor.userClassPathFirst` da takwaransa na direba (mai rarraba aiki ga masu aiwatarwa), masu sa a fara loda jar ɗin manhaja, a huta da sauya suna?

Malam Aminu: Kada ka fara da wannan, Nura. Takardun Spark da kansu sun ce na gwaji ne, na direba kuma sai a yanayin `cluster` yake aiki. Yana juya odar lodi ga dukkan jar ɗinka, ba Guava kaɗai ba. In akwai slf4j ko Jackson a ciki, aji ɗaya zai shigo sau biyu ta masu lodi daban, sai ka ga `LinkageError`, ko `ClassCastException` mai cewa aji ba zai zama kansa ba.

Hajiya Rabi: Akwai kuma ɓarnar da dunƙulewar take haifarwa da kanta. sbt-assembly na kukan fayiloli sun yi karo, sai mutum ya sa `MergeStrategy.discard` a kan `META-INF` baki ɗaya don ya yi shiru. A ciki akwai `META-INF/services/org.apache.spark.sql.sources.DataSourceRegister`, inda Spark ke gane sunan "kafka" ko "avro". Ya tafi, sai `Failed to find data source: kafka`, alhali ajin yana nan cikin jar. Fayilolin `services` haɗe su ake yi: `concat` ko `filterDistinctLines` a sbt, `ServicesResourceTransformer` a Maven. Waɗanda ake zubarwa su ne `.SF`, `.DSA` da `.RSA`, in ba haka ba `Invalid signature file digest` zai tare ka. `reference.conf` ma haɗe shi ake yi.

Injiniya Kabiru: Duk waɗannan layuka goma ne a fayil ɗin gini, sau ɗaya ake rubuta su. Ku kwatanta da `--packages`, inda Ivy ke warware sigogi da nasa tsarin, ba lallai ya zaɓi abin da Maven ya zaɓa ba. Maven na ɗaukar mafi kusa a bishiya, Gradle mafi sabo. Ni na fi son rigimar ta fito a `mvn dependency:tree -Dverbose` ko `sbt evicted`, a kuma sa `dependencyConvergence` na maven-enforcer-plugin ya tsayar da ginin.

Malama Zainab: A kan wannan ina bayanka, Injiniya, amma akwai kayan da ba su dace da jar ɗin manhaja ba. hadoop-aws, mahaɗin Hadoop da ma'ajiyar S3 ta Amazon, dole ya zo daidai da sigar Hadoop ɗin kilasta, 3.3.4 yana tafiya da aws-java-sdk-bundle 1.12.262, wanda shi kaɗai ya haura megabait 200. Wannan mai kula da kilasta ne zai ajiye shi sau ɗaya, a `spark.yarn.archive` kan HDFS, ma'ajiyar fayilolin Hadoop, ko cikin hoton Docker, kowa ya sa masa `provided`. Ku tuna Disamban 2021, lokacin Log4Shell, babbar kafar tsaro da aka gano a laburaren log4j: inda log4j-core ke wuri ɗaya fayil guda aka sauya, inda aka dunƙule shi kuwa sai da aka sake gina kowace manhaja, wanda aka sauya wa suna ma neman sa sai da wahala. Batun rufaffiyar kilasta kuma, rumbun laburarori na cikin gida, Nexus ko Artifactory, tare da `spark.jars.ivySettings` sun wadatar.

Nura: To masu PySpark, wato Spark da Python, fa, Malama? Mu ba mu da jar.

Malama Zainab: `--py-files` na ɗaukar lambar Python zalla, ba ya iya numpy ko pandas saboda akwai C a cikinsu. Ka tattara muhallin da conda-pack ko venv-pack, ka tura da `--archives env.tar.gz#environment`, ka saita `PYSPARK_PYTHON=./environment/bin/python`. Ka gina shi a Linux irin na kilastar, ba a Mac ko Windows ba, kuma direba da masu aiwatarwa su yi daidai a sigar Python, 3.10 da 3.11 ba sa haɗuwa.

Injiniya Kabiru: Wannan ai dunƙulewa ce, Malama, suna kawai ya bambanta. Na janye a kan Spark, Hadoop da hadoop-aws. A kan mahaɗin Kafka da direbobin JDBC, masu haɗa Java da rumbun bayanai, ban janye ba.

Hajiya Rabi: JDBC na bar maka. spark-sql-kafka kuwa lambarsa ɗaya da ta Spark, 3.5.1 da 3.5.1. Ranar da aka ɗaga sigar Spark ta kilasta, duk jar ɗin da ya haɗiye shi sai an sake gina shi kafin a sake tura aiki.