Aiki ya yi mini yawa a ofis, kaina ya fara ɗaukar zafi, ku ba ni shawara

Ɓoyayyiya: Assalamu alaikum 'yan uwa. Don Allah a ɓoye sunana. Ina aiki a wata makarantar kuɗi a Kano. Mai makarantar yayan mijina ne, uwa ɗaya uba ɗaya, shi ya riƙe maigidana tun rasuwar mahaifinsu, shi ya yi masa aure, gidan da muke ciki ma a filinsa aka gina. Bayan na gama NCE ina zaune, matarsa ce ta sa baki aka ɗauke ni sakatariya. Sai mai karɓar kuɗi ta yi aure ta bi miji Kaduna, aka ce in riƙe kafin a samo wata. Shiru har yau. Yanzu ni ce buga jarrabawa a kwamfuta, ni ce yanka rasit, ni ce duba alat in iyaye sun turo kuɗi, wayar makaranta da guruf ɗin iyaye na WhatsApp duk a hannuna. Ina tsaka da shigar da maki waya za ta yi ƙara, ga wani uba tsaye a taga, in na juyo ban san layin da na tsaya ba. Makon jiya rasit biyu suka fita da sunan yaro ɗaya, Yaya ya yi mini faɗa gaban malamai. Kullum da ciwon kai nake komawa gida, barci ya ƙi, yarana abu kaɗan in daka musu tsawa. Ko a sallah lissafi nake. Ya zan yi?

Maman Biyu: Wa alaikumus salam. Ba ki faɗa mana ba, da aka ƙara miki aikin an ƙara albashi?

Mai Horar da Ma'aikata: Baiwar Allah, ki saurare ni da kyau, wannan fannina ne. Ba aiki huɗu kike yi lokaci guda ba, ƙwaƙwalwa ba ta iya haka in dai aikin na buƙatar tunani. Tsalle take daga wannan zuwa wancan, kuma kowane tsalle sai ya ci lokaci ya bar kuskure. Shi ya sa layi ke ɓace miki. Gloria Mark ta Jami'ar Kalifoniya a Amurka ta bibiyi ma'aikatan ofis, ta gano wanda aka katse yakan ɗauki kusan minti 23 kafin ya koma kan aikin da ya bari. Ke sau nawa ake katse ki kafin azahar? Ki ware lokaci: karɓar kuɗi daga buɗe makaranta zuwa ƙarfe goma, sai ki rufe taga, ki kashe data, ki zauna kan maki. Ki manna sanarwa a ƙofa. Taura biyu ba ta taunuwa.

Ɓoyayyiya: Malam na gode, amma ba ka san iyayen yaranmu ba. Wani daga kasuwa yake satar jiki ya zo biya, in ce masa taga a rufe? Gobe ya cire yaransa. Kuma ni ba wai ban iya haɗa ayyuka ba ne, tun ina gida haka nake, na fi kowa sauri a ofis ɗin.

Mai Horar da Ma'aikata: To ai nan gizo ke saƙar. A 2009 Clifford Nass da abokan aikinsa a Jami'ar Stanford sun gwada ɗalibai, sai ga shi waɗanda suka fi sabawa da haɗa waya da kwamfuta da sauransu lokaci guda su ne suka fi kasa kawar da kai daga abin da bai shafe su ba, har wajen sauya aiki an fi su. Sabo ba gwaninta ba ne. Rasit ɗin nan ma shaida ne.

Ma'aikaciyar Jinya: Hmm, ke dai taki da sauƙi, kina zaune a kujera. Ni dare guda ni kaɗai a ɗakin mata, ga canza ruwa, ga rubuta fayil, ga masu jinya na ja mini riga, da safe a ce ba ni da fara'a. Wa zan rufe wa taga? Masu ba da shawara a ofis mai sanyi ba su san aiki ba.

Mai Horar da Ma'aikata: Hajiya, naki ƙarancin ma'aikata ne, nata rashin tsari. Kuma a daina raina ciwon kan nan. Tun 2019 Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayyana irin wannan gajiyar da damuwar aiki mai tsawo ke jawowa: ƙarfi ya ƙare, mutum ya ji aikin ya fita daga ransa, ƙwazo ya ragu.

Baban Gida: Ni dai haƙuri zan ba ki. A wannan zamanin mai aiki ya riƙe da hannu biyu. Ki sanar da maigidanki, shi ya san ta inda zai bi wa yayansa. Kada takardun Turawa su raba zumunci.

Maman Biyu: Haƙurin me kuma? Albashin mutum biyu yake ajiyewa a aljihu. In ba zai ɗauki mai karɓar kuɗi ba ki miƙa masa wayarsa da littafin rasit. Haka kawuna ya yi mini a kantinsa, da na kwanta ciwo ko sannu.

Ɓoyayyiya: Don Allah kar a zagi Yaya, ba mugu ba ne. Yarana kyauta suke karatu a makarantar. Maigida kuma ba zai iya ɗaga ido ya kalle shi ba, balle wannan magana. Sannan in aka kawo wata kan kuɗi aka samu giɓi, sunana za a fara kira, gara abin yana hannuna.

Mai Horar da Ma'aikata: Ashe ke ce ba ki son sakin aikin. Na faɗa miki, rufe taga ƙarfe goma. Ki gwada mako guda ki dawo ki ƙaryata ni.

Ɓoyayyiya: Wannan makon dai ba zai yiwu ba, ana raba sakamako ranar Alhamis. Ni da ma magani na so a faɗa mini, wanda zai sa in riƙa barci.

Ma'aikaciyar Jinya: Kar ki soma shan komai ba likita. Ki je a auna miki jini tukuna.

Anti Mai Turare: Afuwan 'yar uwa, in za su ɗauki mai karɓar kuɗin ki tuntuɓe ni, ina da ƙanwa mai difloma a zaune.