Waɗanda suka yi yawon jirgin ruwa tsakanin Girka da Turkiyya, yaya kuka yi da ranakun sauka?

Maman Fadila: Assalamu alaikum 'yan uwa. Ni da maigida muna shirin shiga jirgin ruwan yawon buɗe ido a gabashin Bahar Rum, kuma za mu tafi da surukata, Hajiya, wadda ke fama da ciwon gwiwa. Jirgin zai tashi daga Firayus, tashar birnin Atina, ya tsaya a Santorini, Rodos, Kushadasi da Istanbul, sannan ya koma inda ya taso. A Ingila muke zaune amma fasfo ɗinmu na Najeriya ne. Abin da ya fi damuna shi ne a kowace tasha 'yan sa'o'i kawai aka ba mu. Don Allah wanda ya taɓa zuwa ya faɗa mana yadda ya yi, har da maganar biza, abinci da sallah.

Alhaji Mai Atamfa: Wa alaikumussalam, Hajiya. Ku fara gama maganar biza kafin ku biya ko sisi. Takardar zama a Ingila ba ta shigar da mutum Girka, sai da bizar Shengen, wato ta haɗin gwiwar yawancin ƙasashen Turai, kuma a ofishin Girka za ku nema tunda can ne yawancin tafiyar. Abin da mutane ke mantawa shi ne jirgin zai fita yankin Shengen ya shiga Turkiyya, sannan ya dawo. Saboda haka bizar shiga sau ɗaya ba za ta yi ba, ku nemi wadda ake shiga da ita sau da yawa, ku haɗa da jadawalin jirgin a takardunku don su ga dalili.

Ranar da muka shiga namu jirgin na ga wasu mata da miji 'yan Afirka ta Yamma zaune kan akwatunansu a zauren tashar, an hana su shiga saboda wannan. Mijin yana ta roƙo yana cewa ba za su sauka a Turkiyya ba, za su zauna a ɗaki. Ma'aikatan suka ce ko an sauka ko ba a sauka ba, jirgi ya fita ya dawo. Abin ya tsaya mini a rai har yau. Ta ɓangaren Turkiyya kuwa, ku tambayi kamfanin jirgin da ofishin jakadancinsu, ku karɓi amsa a rubuce. Kada ku dogara da abin da wani mai fasfon Turai ya ce muku. Fasfo ɗin kuma ya zama saura aƙalla wata shida kafin ya ƙare.

Bintu Hamburg: Yaya Maman Fadila, ni maganar Santorini zan yi miki saboda Hajiya. Manyan jirage ba sa jingina da gaɓa a can. Suna tsayawa a tsakiyar ruwa, ana kwashe mutane a ƙananan jiragen fito zuwa tsohuwar tashar da ke gindin dutse, garin Fira kuma yana can sama. Hawa uku ne: motar igiya, wadda ke rataye a jikin waya tana hawa dutsen, ko matakala kusan 600 a ƙafa, ko a bayan jaki da alfadari. Matakalar cike take da kashin dabbobi, tana da santsi, ba ta dattijuwa ba ce ko kaɗan. Motar igiyar kuma mutane kaɗan take ɗauka a lokaci guda. Ranar da muka je akwai wasu jirage a tsaye tare da namu, layin saukowa da yamma ya kai mu fiye da awa guda a rana, gabana yana ta faɗuwa ina kallon agogo.

Hukumomin tsibirin sun ƙayyade fasinjojin jirage 8,000 a rana, amma ko hakan ma mutane ne masu yawa ga ƙaramin gari mai lunguna. Idan Hajiya tana son gani, ku sayi rangadin da jirgi ke shiryawa, irin wanda ake sauke ku a tashar Atiniyos inda mota ke iya zuwa. Sai dai ku tambaya ta ina ake dawowa, don wasu ta motar igiyar suke maido da mutane. In ba haka ba, wallahi kallon tsibirin daga saman jirgi ma ya isa, fararen gidaje jere a bakin dutse.

Injiniya Sani: Ni ban yarda da sayen rangadin jirgi a ko'ina ba, kuɗin ya yi yawa. A Rodos ba ka bukatar kowa. Jirgi na tsayawa, ka taka 'yan mintuna ka shige ƙofar ganuwar tsohon gari. A Atina ma jirgin ƙasa na cikin gari yana tashi daga Firayus ya kai ka Monastiraki, gindin Akrofolis, tsaunin da tsoffin gine-ginen tarihi na birnin suke. Abu ɗaya dai, ku yanki tikitin Akrofolis ta intanet tun da wuri, domin tun 2023 ana shiga ne bisa lokaci, mutum 20,000 a rana. In zafi ya tsananta kuma suna rufe wurin da tsakar rana.

Bintu Hamburg: Injiniya, kai da ƙafarka lafiya lau kake magana. Ribar rangadin jirgi ita ce idan motarsu ta makara, jirgi zai jira. Idan ka fita da kanka ka makara, sai dai ka nemi hanyar bin sa zuwa tasha ta gaba da kuɗin aljihunka, kuma mai koren fasfo ba ko'ina zai iya tsallakawa ba.

Injiniya Sani: Gaskiyarki a wannan, Malama Bintu. Shi ya sa nake cewa a raba: inda abin kallo yake kusa da tasha a tafi da kai, inda sai an yi tafiyar mota mai nisa a bi nasu. Kuma lokacin da suka rubuta na komawa jirgi, wanda yawanci rabin awa ne kafin tashi, ni nakan ɗauka kamar awa guda kafin nan ne. A ɗauki hoton takardar jadawalin ranar da jirgi ke rabawa, akwai lambar wakilin jirgin na wannan tashar a jiki.

Malama Rabi: Ƙanwata, Kushadasi ita ce inda na fi jin daɗi, kuma ita ce inda aka fi ɓata mana lokaci. Kangon birnin Afisa yana da nisan kusan kilomita 20 daga tasha. Ƙofa biyu ce, ta sama da ta ƙasa. Ku sa a sauke ku a ta sama ku gangaro, kada ku yarda da akasin haka. Titin na marmara ne, ƙafafu sun goge shi ya yi sulɓi, inuwa kuma babu, don haka takalmi mai riƙe ƙasa da lema da ruwa dole ne. Za ku wuce gaban ɗakin karatu na Selsus, sannan babban dandalin da aka ce yana ɗaukar mutum 25,000. Na tsaya a wurin ina tuna ayoyin da ke cewa a yi tafiya a bayan ƙasa a ga yadda ƙarshen na farko ya kasance. Birni ne mai tashar jiragen ruwa a da, laka ta cike mashigin, yau teku ta yi masa nisa.

Abin da ya ɓata mini rai shi ne mai yi mana jagora ya gaggauta mu a cikin kangon, sannan ya kai mu shagon darduma aka zaunar da mu ana ba mu shayi ana ta shimfiɗa kaya. Lokacin da aka cinye a nan shi ne na so in yi a masallacin Isa Bey da ke garin Selcuk, wanda aka gina a 1375, ga shi kusa. Sai da na dage kafin aka tsaya mana muka yi azahar a gurguje. In za ku ɗauki mota da mai jagora na kanku, ku faɗa tun a tasha cewa ba kwa son shago, masallaci kuke so. Akwai kuma kogon da mutanen wurin ke cewa na Ashabul Kahfi ne. Ku dai sani akwai wasu wuraren da ake faɗin haka a kansu, a Tarsus da Afshin da kuma kusa da Amman a Jodan.

Alhaji Mai Atamfa: Istanbul na san ta tun kafin jirgi, saboda sarin kaya. Shawarata, Hajiya, kada ku ce za ku ga komai. Jirgi yana tsayawa a Galataport, cikin gari sosai, taragon T1 yana wucewa ta bakin tashar ya haye gada ya kai ku Sultanahmet. A nan Aya Sofiya da Masallacin Sultan Ahmad suke fuskantar juna. Aya Sofiya ta koma masallaci a 2020. Tun 2024 baƙi masu zuwa kallo suna biyan yuro 25 su hau bene, masu sallah kuma ƙofarsu daban. Ku daidaita zuwanku da lokacin azahar.

Ku duba ranar da jirginku zai iso. Fadar Topkapi, inda aka ajiye kayan tarihi da ake dangantawa da Manzon Allah (SAW) da sahabbai, ba a buɗe ta ranar Talata. Babbar kasuwa mai rufi kuma tana hutu ranar Lahadi. In ni ne da dattijuwa, bayan sallah zan kai ta Eyup ta ziyarci kabarin Abu Ayyubal Ansari, sahabin da ya sauki Annabi a gidansa a Madina. Fili ne shimfiɗaɗɗe, akwai wurin zama, ba hawa. Tasi kuwa ku tabbata ya kunna mita, kuma ku bar lokaci mai yawa don cunkoson yamma, ya fi na Kantin Kwari ranar jajibirin sallah.

Malam Habu: Game da sallah, matafiya ne ku, kasaru da haɗa salloli sun halatta muku, kuma sun sauƙaƙa mini sosai a ranakun sauka. A tekun da ke tsakanin Girka da Turkiyya alƙibla tana kudu maso gabas. Manhajar waya takan ruɗe a cikin ɗaki saboda ƙarfen jirgi, ni nakan fita sarari in duba, ko in kalli tashar talabijin ɗin ɗaki da ke nuna inda jirgi ya dosa. Manyan jiragen nan ba sa girgiza sosai, a tsaye na yi sallolina. Ku tafi da darduma da ƙaramar buta, banɗakinsu babu abin tsarki. A Rodos masallacin Ibrahim Pasha na cikin tsohon gari ana sallah a cikinsa. Garin yana hannun mayaƙan Kirista na Saint John har 1522 da Sultan Sulaiman ya karɓe shi, shi ya sa za ku ga hasumiya da coci a unguwa ɗaya.

Namu jirgin ya tsaya a Limasol ta Kubrus, naku ba zai je ba, amma zan faɗa don masu zaɓen hanya nan gaba. Mun ɗauki mota zuwa Larnaka, bakin tafkin gishiri, inda masallacin Hala Sultan yake da kabarin da ake cewa na Ummu Haram bintu Milhan ne. Ita ce wadda Annabi (SAW) ya farka a gidanta yana murmushi ya ce an nuna masa mutane daga al'ummarsa suna hawan teku kamar sarakuna a kan gadaje, ta roƙi ya yi mata addu'a ta kasance cikinsu. Ta hau tekun a zamanin Sayyidina Usman, kuma a wannan tafiyar ta rasu bayan ta faɗo daga kan dabbarta. Na iso wurin ta ruwa, hawaye suka zubo mini.

Maman Fadila: Allah ya saka da alheri, Malam, jikina ya yi sanyi. Abinci fa? Hajiya ba ta cin abin da ba ta yarda da shi ba.

Malama Rabi: Ku rubuta wa kamfanin makonni kafin tafiya ku nemi abincin halal, wasu suna tanada, wasu ba sa yi. Daren farko ku sami shugaban masu hidimar ɗakin cin abinci ku yi masa bayani, har da giyar da ake zubawa a miya da kayan zaƙi. Mu kifi, ƙwai, shinkafa da ganye muka riƙe, nama kuma muka bari sai Kushadasi da Istanbul. Yaji ku ɗauko a kwalba mai murfi. Kilishi da dambun nama kada ku soma, dokar Tarayyar Turai ta hana matafiyi shigo da nama daga waje.

Bintu Hamburg: Ƙarin kuɗin da ba ya cikin farashin farko: ladan ma'aikata da ake cirewa kullum a kan kowane mutum, lemon kwalba, intanet, da harajin da Girka ta fara karɓa a 2025, yuro 20 ga kowane fasinja a Santorini da Mikonos lokacin cikar baƙi. Wayoyi kuma a kashe data da zarar jirgi ya bar gaɓa, layin tsakiyar teku ta tauraron ɗan'adam yake bi, tsadarsa ba a magana. Don Hajiya ku zaɓi ɗaki a tsakiyar jirgi, bene na ƙasa, kusa da lifta. A Yuli da Agusta akwai iskar arewa mai ƙarfi da suke kira meltemi, tana tayar da ruwa har wani lokaci a fasa tsayawa a wata tasha. Mayu ko ƙarshen Satumba sun fi sauƙin zafi da iska.

Maman Fadila: Na karanta wa maigida duka. Za mu matsar da tafiyar zuwa ƙarshen Satumba, mu fara neman bizar. Santorini Hajiya ta ce ita a jirgi za ta zauna, Eyup kuwa ko a goye sai an kai ta. Saura tambaya ɗaya: ana samun keken guragu a jirgi, ko mu zo da namu?

Injiniya Sani: Ku zo da naku mai naɗewa, Hajiya, na jirgi yawanci don shiga da fita ne kawai, ba a ba ka ka yi yawo da shi a gari. Ku sanar da su tun wajen yankar tikiti. A Akrofolis akwai lifta ta masu lalura, ku kira ku tabbatar tana aiki ranar. Lungunan Rodos kuma duwatsu ne ƙanana a jere, keke yana wahala a kai, ku bi manyan titunan cikin ganuwa.